Bahon Surukina

Asabar, 10 ga Maris, 1990

Yau mijin 'yata Faustina ya dawo daga Jos da a-kori-kura cike da kaya. Nwachukwu ke nan, ko da yake ko a takarda nauyin sunan nake ji. Baban Ugochi nake ce masa. Na ɗauka taya da batir ne na shago kamar kullum, sai na ga ana sauke wani nannaɗaɗɗen kwano kamar tabarmar ƙattan farko, da ƙafafun ƙarfe, da shuɗiyar leda mai kauri. Wai tafkin wanka ne. Wani Bature mai komawa gida ya sayar masa. Ba haƙa shi ake yi ba, girke shi ake yi a kan ƙasa a zuba ruwa, mutum ya hau tsani ya faɗa ciki. Na ce ashe baho ne. Faustina ta yi mini irin hararar uwarta.

Shekarata saba'in da ɗaya. Na ga jirgin ƙasa, na ga na sama, yau na ga mutum ya sayo kogi ya ɗauko shi a mota.

Talata, 13 ga Maris

Sun zaɓi wuri a bayan gida, daidai tagar ɗakina. Martins magini ne zai yi aikin. Takardar da ta zo da kayan da Jamusanci take, sai suka kalli hotuna suka mayar da ita cikin kwali.

Filin nan gangare ne. Daga gindin mangwaro yake sauka har katangar Afiniki, maƙwabciyarmu. Shekara talatin da huɗu na yi a layin dogo, goma sha biyar ina heluma, wato shugaban lebura, kuma abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne: in za ka aza nauyi a gangare, tudun za ka sare, kada ka cike kwarin. Ƙasar da Allah ya danne daban, wadda mutum ya zuba jiya daban.

To, amma a tudun nan ne shuwaka da ganyen miyar ugu na mahaifiyar Baban Ugochi suke, waɗanda ta kawo irinsu daga gabas kafin ta rasu. Ya ce ba mai taɓa su. Martins ya ce ba komai, Oga, ciko za mu yi.

Na koma ɗakina. Shekara biyu ke nan ina ɗakin baya a gidan mutumin nan, tun da matata Regina ta rasu, ƙafa kuma ta ƙi. A wajenmu, uba ya kwana a gidan mijin 'yarsa ma abin a rufe fuska ne, balle ya tashi yana gyara masa aiki a gaban magini.

Alhamis, 15 ga Maris

Jar ƙasa tifa biyu. Martins ya baza, ya yayyafa ruwa, ya bi da madaɓi. Daɓe ya yi kyau, ba ƙarya, har sheƙi yake. Irin wanda amarya za ta taka. Ciko ya kai gwiwa a wajen katanga.

Martins bai taɓa gina wa ruwa gida ba, shi ke nan laifinsa.

Litinin, 19 ga Maris

An tayar da bahon. Zagayayye, faɗinsa taku shida nawa, tsayinsa ya kawo mini ƙirji. Rabinsa a kan ƙasar asali, rabinsa a kan cikon Martins. Tsakaninsa da katanga bai fi kamu uku ba.

Tankar ruwa ta yi sawu uku. Na zauna na auna a kaina: nauyin ruwan nan ya kai na tarago cike da citta. Tarago guda, a ajiye shi a kan daɓen kwana huɗu.

Jikokina Ugochi da Chigozie sun shiga da yamma. Ihunsu har titi. Uban yana tsaye riƙe da ƙugu yana dariya har da hawaye. A barikin ma'aikatan jirgi aka haife shi, yaƙi ya kwashe su yana ɗan shekara goma sha ɗaya, suka dawo suka tarar ko cokali babu. Na san abin da yake gani a cikin ruwan nan. Shi ya sa ma bakina ya yi nauyi.

Laraba, 21 ga Maris

Ruwa ba ya yi wa kowa kara. Da safe na zagaya kamar mai miƙe ƙafa, na auna daga bakin kwano zuwa fuskar ruwa. Wajen mangwaro yatsa shida, wajen katanga biyar. Bambancin yatsa ɗaya.

Asabar, 24 ga Maris

Na gaya wa Faustina tana yankan kuɓewa. Ta ce, "Baba, don Allah. Ka san tun ranar aure yake jin ba ka son shi. Yanzu ya yi abu ɗaya na jin daɗi, shi ma sai ka samo masa aibu?" Na ce ba ni na samo ba, ƙasa ce. Ta ce za ta gaya masa. Daga yadda ta kama wuƙar na san ba za ta gaya ba.

Gaskiyarta a wani wajen. Na ƙi auren nan shekara guda cur.

Lahadi, 25 ga Maris

Bayan sujada muna zaune a inuwa, sai na yi abin da kakata take yi in tana so ta gyara babba. Na kira yara na ba su tatsuniya da ƙarfi yadda uban zai ji. Kunkuru ya samo babbar tukunya zai yi biki, duwatsun murhu biyu kawai ya samu, sai ya dunƙula tuwon jiya ya yi na uku. Tuwo ya bushe ya yi tauri, kowa ya ce dutse ne. Aka aza tukunya, aka hura wuta, tururi ya fara sauka a kan tuwo...

Chigozie ya ce, "Kaka, me ya sa bai cinye tuwon ba?" Aka fashe da dariya. Baban Ugochi ya ce, "Kai, Baba ya iya tatsuniya! Faustina, kawo masa maltina."

Na sha maltina.

Juma'a, 30 ga Maris

Yatsa ɗaya da rabi. Hadari ya haɗu wajen Kagoro ya watse.

Talata, 3 ga Afrilu

Ruwan farko, jiya da la'asar. Ba mai yawa ba, ya dai kwantar da zafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Kowa na murna. Ruwan indararo duk ya bi gangare ya kwanta a gindin ciko.

Yau yatsa biyu da rabi. Ƙafar ƙarfe ɗaya ta wajen katanga ta nutse, falankin da ke ƙarƙashinta ya ɓace cikin jar ƙasa.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Na zagaya gidan Afiniki da sunan gaisuwa. Madafarta jingine take da katangar nan ta ƙasa, a nan take dama kunun da take kaiwa tasha. 'Yarta Emilia ta zo wankan jego, jaririn yana kwance a tabarma kusa da murhu don ɗumi, kansa bai fi taku ɗaya da bangon ba. Na dafa bangon. Sanyi. Akwai tsaga siririya daga ƙasa, tururuwa na fita da ƙwayayensu.

Na ce ta matsar da girki gaba. Ta ce, "Zuwa ina, Baba Heluma? Tsakar gida rana, ɗaki hayaƙi." Na ce to ta yi wa maigidanmu magana. Ta rufe baki da gefen zane. "Ni? Mutumin da nake ɗiban ruwa a famfonsa shekara bakwai bai taɓa ɗaga mini gira ba? Kai da kake surukinsa ba ka faɗa ba, sai ni?"

Na sa albarka ga jaririn na fito.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Lahadin ganye. A sanarwa aka ce bana yaran makarantar Lahadi ba za su tafi yawon Galili da aka saba yi a bakin rafi ba ranar Litinin ɗin Ista, ɗan'uwa Nwachukwu ya gayyace su gidansa su yi wanka a tafki. Coci ta ɗauki tafi. Ya miƙe ya ɗaga hannu.

Yara arba'in da wani abu. In suka shiga goma-goma suna tsalle, ruwa yana dukan bango...

Ganyen da ke hannuna ban san inda na yar da shi ba.

Litinin, 9 ga Afrilu

Na je wurin Silvanus a kan babur, ƙafa tana zagina. Shi ne ya shiga tsakani lokacin auren, kuma a al'ada duk maganar da ta yi wa suruki nauyi ta bakinsa take bi. Na zayyana masa komai, har na zana a ƙasa da sanda. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ishmael, bar mini. Na san yadda ake shafa wa magana mai."

Abin da nake tsoro ke nan.

Laraba, 11 ga Afrilu

Silvanus ya zo jiya. Sun yi awa biyu a falo. Ya fara daga jirgin Nuhu, in ji Faustina, ya bi ta Bahar Maliya, ya sauka a kan cewa tsoho yana da damuwa game da ruwa da yara.

Yau Baban Ugochi ya dawo daga shago da tib ɗin taya goma sha biyu, an hura su. Ya jera su a ƙofar ɗakina, ya ɗan rusuna. "Baba, Baba Silvanus ya gaya mini. Kada ka damu, ba yaro da zai nutse. Kowa zai sa wannan. Faustina ma zai tsaya yana kallo." An haife shi a Kafanchan, har yau mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Na ce Allah ya yi albarka. Abin da na ce ke nan. Allah ya yi albarka.

Yatsa uku.

Juma'a, 13 ga Afrilu

Ranar mutuwar Ubangiji. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun muna coci. Fasto yana wa'azi a kan wanda ya wanke hannunsa a gaban taro, ni kuwa kunnena yana kan kwanon rufi.

Na tuna wata shekara a layin da ya nufi Jos, ciko ya zame bayan ruwan kwana biyu. Ba ya yin ƙara kafin ya tafi. Da safe ka taka shi lafiya, da rana ka ga ƙarfen layi yana lilo a iska. A lokacin jar tuta gare ni, in na ɗaga ko direba ɗan sarki ne sai ya tsaya. Yanzu ba ni da tuta, sai ɗaki da kwanon abinci a gidan mutum.

Da muka dawo, ruwan bahon ya taɓa baki a wajen katanga, yana zuba a hankali. Wajen mangwaro kuwa saura yatsa huɗu. Kwanon ya yi ciki kamar akuya mai juna biyu.

Asabar, 14 ga Afrilu

Na faɗa. Da bakina.

Na same shi yana kwashe ganye daga ruwa. Na ce, "Baban Ugochi, zo ka ga." Na nuna masa nan, na nuna masa can. Na ce bahon nan ya karkata, ƙasar ƙarƙashinsa tana tafiya, in ya fashe katangar Afiniki zai ɗauka da duk wanda ke bayanta. Ban sa kunkuru ba, ban sa Nuhu ba.

Ya daɗe yana kallo. Ya ga abin, na ga ya gani. Sai ya ce, "Baba, kwana biyu kawai. An yi sanarwa, na sayi shinkafa, na yanka akuya. In na fasa yanzu, me za a ce? Za a ce Inyamuri ya yi alkawari ya ga kashe kuɗi ya gudu. Talata zan zubar, na rantse." Ya kira Martins ya tokara wajen da katako biyu. Ƙarshen katakon a jikin katangar Afiniki ya jingina su.

Wato yanzu baho da katanga sun riƙe hannu.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Ista. Ya tashi, hakika ya tashi. Na rera tare da kowa. Abinci bai shiga ba.

Litinin, 16 ga Afrilu

Zan rubuta yadda ya faru, don gobe zan fara gyara labarin in yi wa kaina kwalliya.

Ƙarfe goma yara suka fara cika gida, da malamansu da gangunan Zumuntar Mata. Na sa kwat ɗina na ritaya da hula. Na ɗauki kujerata ta katako, na ja ta, na bi ta ƙarƙashin tokaran nan na shiga lungun da ke tsakanin baho da katanga. Na dasa ta a cikin taɓo na zauna. Kwanon yana bisa kaina, ruwa na ɗiga a kafaɗata. Ta bayan bango ina jin Emilia tana yi wa jariri wasa.

Faustina ce ta fara gani. "Baba! Me kake yi a nan? Fito, mutane na kallo!" Na ce inuwa nake sha.

Sai ga Baban Ugochi, da farar riga da usur a wuya, yara biye da shi kowa da tib a ƙugu. Ya leƙo. Ya ce, "Baba, don Allah ka fito, wurin nan ba kyau."

Na ce, "Me ya same shi?"

Ya ɗaga kai ya kalli kwanon.

Na ce, "In yana da kyau ga jikan Afiniki, yana da kyau gare ni. Ku yi wankanku. Nan zan wuni."

Ganga ta tsaya. Wata daga cikin matan ta ce, "Yesu!" a hankali. Ni kuma na gyara zama. Ba jarumta ba ce. Na san dai abu ɗaya: ko a wajensu ko a wajenmu, ba namijin da zai ɗaga uban matarsa daga kujera da hannu, ba kuma wanda zai bar shi a ƙarƙashin abin da shi kansa yake shakka. Na kama shi da igiyar da ta ɗaure ni wata guda. Ban ji daɗin haka ba.

Baban Ugochi ya ce da Turanci, "A gaban mutane, Baba? A gaban mutane?" Sannan ya cire usur ɗin ya ba Faustina, ya jawo tiyo, ya ɗaura a bututun ƙasa, ya ja bakinsa har kwatar titi, ya buɗe.

Awa biyar ruwan yana fita. Ban tashi ba sai da ya sauko gwiwa. Yara suka ci shinkafa a tsaye suna kallon tafkinsu yana bin kwata, wasu suka bi shi suna tsalle a ciki, malamai na kora. Kafin ƙarfe biyu gida ya watse. Ugochi ta zo ta tsaya a gabana da tib ɗinta, ta ce, "Kaka, kai mugu ne." Shekararta takwas.

Bahon bai fashe ba. Katanga ba ta faɗi ba. Ba abin da ya faru, sai tsoho da ya kunyata surukinsa a gaban coci ranar Galili.

Talata, 17 ga Afrilu

Bai gaishe ni ba. Karo na farko cikin shekara biyu. Faustina ta ajiye abinci ta fita ba magana.

Watakila da bahon ya kai Talata lafiya. Watakila. Na fara duban akwatina. Akwai ɗan ƙanena a Samaru Kataf, ɗakinsa ɗaya da buhunan citta, amma jini ne.

Alhamis, 19 ga Afrilu

Martins ya zo kwance baho. Ina kallo ta taga. Da suka naɗe ledar ta wajen katanga, sai Martins ya ja da baya ya ce, "Oga, zo." Daɓen na nan a sama kamar ɓawon ƙwai. Ya taka da dunduniya, ya rufta. Ruwan sama ya bi ta ƙarƙashi ya cinye cikon ya bar kogo. Baban Ugochi ya durƙusa ya zura hannu, ya tafi har kafaɗa bai taɓa ƙasa ba.

Ya daɗe a haka, kuncinsa a kan taɓo. Daidai lokacin jaririn nan ya fara kuka a bayan bango. Ya zaro hannun, ya zauna a ƙasa da farin wandonsa.

Na saki labule. Ba abin kallo ba ne.

Da yamma na ji shi a gidan Afiniki, yana cewa bulo na siminti zai sa mata, ita kuma tana ta haba Oga, haba Oga.

Asabar, 21 ga Afrilu

Ya ƙwanƙwasa da sassafe, riƙe da igiya da turaku. Bai ambaci Litinin ba, ni ma haka. Ya ce, "Baba, yara suna kuka. A ina za a sa shi?"

Na kai shi gefen gareji, inda ƙasa take ta asali. Akwai ɗan tudu, za a sare kamu ɗaya. Ya ce shi zai riƙe igiya da kansa, Martins ya yi haƙa. Mutumin da ya san taya kamar yunwar cikinsa, igiya ta gagare shi. In na ce ja, ya saki. In na ce ɗaga, ya karkace yana amsa gaisuwar masu wucewa. A karo na huɗu ban san lokacin da na ce, "Kai, ɗan banza, riƙe igiyar nan kamar mai ci da hannu!" ba.

Martins ya tsaya da diga a sama. Faustina ta leƙo daga kicin.

Shi kuwa ya ce, "To, Baba," ya ja igiyar ta miƙe sak. Kunnuwansa ne kawai suka motsa, ina jin dariya yake dannewa.

Sai da na dawo ɗaki na tuna ba a zagin suruki. 'Ya'yan cikina kaɗai na taɓa yi wa irin wannan. Tsufa ne, baki ya saki.

Litinin ƙarfe shida za mu ci gaba. Na gaya wa Nwachukwu in ya makara zai ji sauran.